Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Jihohinmu Ke Ware Kuɗin Tunkarar Sauyin Yanayi

Daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kwararo cikin Maiduguri. Kafin rana ta take, ruwa ya shiga Gwange da babbar kasuwa da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 200 suka fice, namun dajin gidan zu suka bi ruwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwana a waje. Dattawan garin sun san wannan ruwan, domin shekara 30 kafin nan, a 1994, ta wannan hanyar ya zo musu.

Cikin 'yan kwanaki kuɗi suka fara shigowa. Gwamnoni da attajirai suka yi ta kai gudummawa, gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 3 ga kowace jiha domin ambaliya, daga baya kuma aka amince da naira biliyan 80 na sake gina madatsar. Ba wanda zai ce kada a taimaki wanda ruwa ya ci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kuɗin da ke samuwa cikin mako guda bayan ruwa ya wuce, me ya hana ko kashi ɗaya cikin goma nasu samuwa wata shida kafin ya zo? Rashin imanin wani shugaba shi kaɗai bai isa ya zama amsa ba. Amsar tana cikin yadda ake haɗa kasafin jiha, da wanda ke da bakin magana a kowane mataki.

Abu na farko da ya kamata a gane: sauyin yanayi ba shi da ɗaki ɗaya a cikin kasafi. Jihohi da dama, har da Kano, sun ƙara masa suna a jikin ma'aikatar muhalli, kuma hakan ci gaba ne. Amma kwalbatin da zai hana ruwa cin gari yana hannun ma'aikatar ayyuka. Irin da ke nuna da wuri, wanda manomi ke bukata tunda damina ta daina cika alƙawari, yana ma'aikatar gona. Rijiyar burtsatse tana ma'aikatar ruwa, takardar filin da aka yanka a kan hanyar ruwa tana ma'aikatar ƙasa, buhun shinkafa da tabarmar agaji suna hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Ita kuwa madatsar Alau, ta tarayya ce ma, ƙarƙashin hukumar raya yankin Tafkin Chadi. Wanda ya buɗe kasafi ya duba layin ma'aikatar muhalli kawai, ya ga ƙaramin kaso, bai ga rabin labarin ba. Kuma ko a cikin wannan ƙaramin kason, babban rabo kan tafi wajen kwashe shara a babban birnin jiha. Ban raina kwashe shara ba, domin leda da robar ruwa su ne ke toshe lambatu, amma aikin da bai wuce birni ba bai taɓa manomin Yusufari da tudun rairayi ke cin gonarsa ba.

To daga ina kuɗin ke zuwa? Mafi yawan jihohin Arewa kason wata-wata daga Abuja ne ke riƙe da su. A tsarin rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A cikin kowane kaso an cusa wani ɗan yanki na asusun kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981: kashi 1 na tarayya, 0.72 na jihohi, 0.60 na ƙananan hukumomi. Ma'ana, duk wata akwai kuɗin da ke shiga asusun jiha da sunan zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. Matsalar ita ce ana raba shi ne da ma'aunin da ake raba sauran kason, wato daidaito tsakanin jihohi da yawan jama'a da faɗin ƙasa da makamantansu. Ba a tambayar wace jiha ce ruwa ya fi yi wa barazana a bana. Idan kuma ya iso, sau da yawa yakan narke cikin babbar tukunya, ya zama albashi ko titi, ba tare da an ga sawunsa ba. Tarihin asusun ma ba mai daɗin ji ba ne. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da sama da naira biliyan 1 na kuɗin muhallin jiharsa, kafin a yi masa afuwa a 2022.

Haɗa kasafin kansa kuwa yana farawa ne tun tsakiyar shekara. Ma'aikatar kasafi da tsare-tsare takan yi hasashen abin da zai shigo, sannan ta aika wa kowace ma'aikata takarda da iyakar abin da za ta iya nema. Kafin a kai ga wannan rabon, an riga an cire abubuwan da ba a taɓawa: albashi, wanda ya ƙaru tun da mafi ƙarancinsa ya koma naira 70,000 a 2024, da fansho, da biyan bashi wanda wani tun daga Abuja ake yanke shi, da tsaro, wanda a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno ba wanda zai yi jayayya da shi. Abin da ya rage shi ne ake kokawa a kansa. A wannan kokawar, alƙawarin da gwamna ya yi a yaƙin neman zaɓe shi ne ke gaba, kuma ban taɓa jin taron siyasa ya ɗauki tafi saboda an yi alƙawarin yashe magudana ba. Gadar sama da titi mai fitilu da sabuwar jami'a su ne ake iya nunawa da yatsa.

Daga nan sai majalisar dokoki. Kowane ɗan majalisa yana da mazaɓa, kuma yana da gaskiyarsa idan ya nemi aji biyu da rijiya da ƙaramin asibiti ga mutanensa. Sai dai aikin tare ruwa ba ya bin iyakar mazaɓa. Magudanar da ta faro daga wannan unguwa ta ratsa mazaɓu uku kafin ta faɗa kogi, ba ta da uba a zauren majalisa. Shi ya sa za ka ga an gina rabin magudana mai kyau da siminti, ta tattaro ruwan unguwa guda ta juye shi a kan unguwar da ke ƙasa.

Ko bayan gwamna ya sa hannu a watan Disamba, ba a gama ba. A nan ne ma ainihin zaɓin yake. Kasafi izini ne na kashewa, ba kuɗi ne a hannu ba. Kwamishina zai rubuta takardar neman saki, ta hau teburin gwamna, idan an amince ta sauka ofishin akanta janar, shi kuma ya duba ko akwai kuɗi a asusu a wannan watan, da kuma wa ke gaba a layi. Aikin da aka ware wa biliyan 2 a takarda yana iya ƙare shekara da miliyan 200, ko ba ko sisi, kuma a sake rubuta shi a kasafin baɗi kamar sabo. Idan kana son sanin abin da gwamnati ta ɗauka da muhimmanci, jerin abubuwan da aka saki kuɗinsu ya fi jawabin gabatar da kasafi gaya maka gaskiya.

A wannan matakin ne agaji ke kayar da rigakafi, kuma dalilan a fili suke. Agaji ana ganinsa: ga tirela, ga buhuna, ga mutanen da suka karɓa, ga kyamara. Dokokin sayen kayan gwamnati sun sassauta ƙa'ida a lokacin gaggawa, saboda haka kuɗin na fita da sauri. Matsin lambar jama'a ma yana kansa, domin gwamnan da bai je jaje ba zai sha magana. Rigakafi kuwa nasararsa ita ce ba abin da ya faru. Garin da aka yashe wa kogi ya kwana lafiya a watan Agusta, ba wanda zai kawo labarinsa a rediyo. Ga kuma wa'adi: mulki shekara 4 ne, itacen da aka dasa yau sai ya shekara 8 ko 10 kafin ya tare iska. Mai yin lissafin siyasa zai ga cewa wahalar tasa ce, inuwar ta magajinsa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 ta kashe sama da 600, amma tsarin bai sauya ba, domin abin da ke tura shi bai sauya ba.

Akwai wata hanyar da ke juya akalar jihohi, ita ce kuɗin waje. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga shirin ACReSAL, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta gaji. Kafin shi an yi wani shirin Bankin Duniya mai suna NEWMAP, wanda ya faro da ramukan zaizaya na Kudu maso Gabas sannan ya faɗaɗa zuwa wasu jihohin Arewa. Irin waɗannan shirye-shiryen suna da sharaɗi: sai jiha ta buɗe ofishi, ta zuba nata kason, sannan a sakar mata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan sharaɗin ya sa gwamnonin da ba su da niyya sun ware kuɗi, domin ba mai son a ce jiharsa ce aka bari a baya. Ya kuma kawo ɗabi'a mai kyau ta auna wuri da zana aiki da duba inda ruwa ke tarowa kafin a fara haƙa. Amma kada mu manta abu biyu. Na ɗaya, bashi ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba. Na biyu, shirin yana da ranar rufewa. Ranar da ofishin ya nannaɗe tabarmarsa, wa zai riƙa cire yashi daga magudanar da aka gina, wa zai biya mai gadin dashen? Idan jiha ba ta buɗe wa wannan layi a kasafinta na yau da kullum ba, za mu biya bashin aikin da ya riga ya cike.

Maganar dashen itatuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne kuskuren lissafin ya fi fitowa. Jihohi 11 ne ke bakin hamada a shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka: Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara, kuma tun 2015 aka kafa wa shirin hukuma ta tarayya. Kowace damina ana bikin dashe. Gombe ma ta fito da nata shirin a 2019 da burin itace miliyan 1 duk shekara. Abin da kasafi ya iya ƙirgawa shi ne yawan tsiron da aka saya aka dasa, saboda wannan babban aiki ne mai kwangila. Abin da ke raya itace kuwa ban-ruwa ne a rani biyu na farko, da shinge saboda awaki, da ɗan albashin wanda zai kula. Waɗannan duk kuɗin gudanarwa ne, kuma su ake fara yankewa idan wata ya yi tsauri. Da za a sauya ma'auni, a daina tambayar nawa aka dasa, a koma tambayar nawa suka ga damina ta uku, da rabon kuɗin ya sauya da kansa.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. A Maraɗi da Damagaram, tun bayan farin 1984, manoma suka koma barin tohon kututture a gona maimakon sare shi, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi. Sassaben zamani suke ce masa. Da wannan dabarar gawo da sauran itatuwa suka dawo a kan kimanin hekta miliyan 5, ba tare da gandun reno ko tankar ruwa ba. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Daga Daura zuwa Magarya tafiyar ba ta da nisa, yanayin ƙasar ɗaya ne, harshen ɗaya ne. Abin da irin wannan aikin ke bukata shi ne malamin gona mai babur da mai, da dagacin da aka ja a jiki. Ba shi da tsada, kuma ina jin rashin tsadar ce ke hana shi samun mai tsaya masa a teburin rabo.

Haka ma batun filaye. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Kududdufin da ke shanye ruwan unguwa, idan aka cike shi aka yanka filoti, ruwan ba zai fasa zuwa ba, ɗakin wani zai shiga. Gandun daji da burtali da mashaya, idan aka raba su gonaki, an sayi rikicin manomi da makiyayi da kuɗin tsaron da zai biyo baya. Hana sa hannu a irin wannan takardar ba ya cin ko kwabo a kasafi, amma yana cin farin jinin siyasa, kuma filaye hanya ce ta samun kuɗin shiga ga jihar da ake matsa wa ta ƙara abin da take tarawa. Sai ka ga ma'aikata ɗaya tana samun kuɗi daga abin da wata ma'aikatar za ta kashe ninkinsa wajen gyarawa.

Ruwa kuma bai san iyakar jiha ba, kasafi kuwa a iyakar yake tsayawa. Ruwan da ya taru a Tiga da Challawa a Kano shi ne ke bi ta Wudil da Ringim ya isa Auyo da Haɗeja, ya wuce Nguru da Gashuwa. Tun da aka gina waɗannan madatsun, ruwa ya koma gudana duk shekara a wuraren da a da suke bushewa da rani, sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin kogi, ta zama mafakar tsuntsun jan-baki. Jigawa ce ke biyan kuɗin yashewa da jinga, alhali makullin ruwan yana sama, a hannun hukumar tarayya. A 2006 jihohi shida na wannan kwarin, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu da tarayya suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogin. Tunanin daidai ne. Sai dai kwamishinan kuɗi, idan wata ya zo ƙarshe, zai fi saurin biyan abin da ke cikin jiharsa a kan abin da amfaninsa zai bayyana a jihar maƙwabta. Irin wannan ce ke faruwa a Binuwai duk shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ga kuma madatsar Dasin Hausa a Adamawa da aka daɗe ana maganarta ba a gina ba.

Akwai muhawarar da ke tasowa a tarukan masana: shin jiha ta sa kuɗinta wajen rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, ko wajen kare mutanenta daga abin da ya riga ya iso? A 2021 Shugaba Buhari ya yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba na shekarar. Wannan alƙawarin ƙasa ne, kuma yana da muhallinsa. Amma a ganina jihar da manominta ke shuka sau biyu saboda ruwa ya ɗauke bayan na farko, kariya ce farillarta. Hayaƙin da Yobe ko Jigawa ke fitarwa bai taka kara ya karya ba. Inda aka yi dace shi ne akwai ayyukan da ke jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, injin ban-ruwa mai shan fetur ya zama nauyi ga mai noman rani, saboda haka na sola ya zama taimakon aljihu kafin ya zama maganar yanayi. Murhu mai rage cin itace ma haka, yana sauƙaƙa wa uwargida, yana rage wa daji sara. Asibitin karkara mai sola yana ajiye allurar rigakafi a zafin bazara, lokacin da sanƙarau ke yawo. Su ya kamata su riga sayen abin da za a yi bikin ƙaddamarwa a babban birni.

Cire tallafin ya kuma ƙara yawan nairar da ke shiga asusun jihohi sosai, duk da cewa darajarta ta faɗi. Hujjar babu kuɗi ta rage ƙarfi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ma ya shafi wannan maganar, domin lambatun unguwa da kwalbatin ƙauye aikinsu ne tun asali, kuma suna da nasu kason na muhalli.

Sai lokaci, wanda shi ne aka fi mantawa. Hukumar NiMet mai lura da yanayi takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna ta biyo baya da sunayen ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. Duka biyun suna zuwa ne bayan an rufe kasafi a Disamba. Idan jiha ba ta ajiye wani kaso da za a iya karkata shi bisa hasashen ba, gargaɗin zai tsaya a sanarwar rediyo cewa mazauna bakin kogi su tashi, ba tare da an ce su koma ina ba. Yashe magudana da gyaran jinga aikin Maris da Afrilu ne, tsiron dashe kuma dole a rene shi tun rani. Kuɗin da aka saki a Agusta sunansa kawai rigakafi. Ruwan da ya ci Mokwa a jihar Neja, ya kashe sama da mutum 150, a 29 ga Mayu 2025 ya zo, damina ko zama ba ta gama yi ba.

Wani abin da ya sauya a 'yan shekarun nan, kuma ba mu cika amfani da shi ba, shi ne tun daga 2018, ƙarƙashin wani shirin Bankin Duniya na gyaran harkar kuɗin jihohi, jihohi suka fara wallafa kasafinsu a intanet, tare da rahoton abin da aka kashe duk bayan wata uku. Rahoton yana jera kowane aiki, da abin da aka ware masa, da abin da aka saki zuwa ranar. Ɗan jarida a Dutse, ko ƙungiyar matasa a Gashuwa, ko ɗan majalisar da garinsa ke bakin kogi, zai iya buɗe shi a waya ya nemo layin magudanar garinsu, ya nemo na renon tsiro, ya nemo inda aka rubuta kuɗin muhallin da ya shigo daga Abuja, ya ɗora su kusa da layin agajin gaggawa. Rahoton wata ukun farko yakan fito wajen ƙarshen Afrilu, kuma a lokacin akwai sauran makonni kafin ruwan farko ya sauka a mafi yawan garuruwan Arewa.